Motar lantarki da tayar da ke sacewa a hankali: Abin da direbobin Tsiga da masu faci ya kamata su sani

Duk wanda ya saba sammako a tashar mota a Funtua ko Bakori ko Malumfashi ya san wannan al'ada. Direba zai zagaya motarsa yana shurin kowace taya da ƙafa, ya tarar ta baya ta ɗan kwanta. Sai ya gangara wurin mai faci ya ce, "Malam, ɗan ƙara mata iska." Ya biya 'yan canji, ya koma ya yi lodi. Jibi ma haka, gata ma haka. Tayar tana iya yin wata biyu a wannan hali, babu wanda ya tambayi ta inda iskar ke fita.

Ko a motar fetur wannan ganganci ne. Sai dai sau da yawa Allah yana tsarewa, kuma in ta faru akwai safaya taya a but. Motar lantarki ba ta da irin wannan sassauci. Ta fi nauyi, tayarta ta fi buƙatar iska, yawancinsu ba sa zuwa da safaya, kuma a ƙarƙashinta akwai batir wanda shi ne kayan da ya fi komai tsada a jikinta.

Ana ta maganar wuraren caji duk lokacin da aka tayar da zancen motar lantarki a Arewa, kuma maganar tana kan hanya. Amma a garuruwa irin Tsiga, a ƙaramar hukumar Bakori ta jihar Katsina, mutumin da zai fara taɓa wannan mota idan ta samu matsala shi ne mai faci na bakin hanya. Idan shi da direban ba su san yadda za su yi da tayar da ke sacewa a hankali ba, ƙusa guda tana iya jawo asarar da ta fi kuɗin man shekara.

Motar tana tafe

Motar lantarki ba ta zama ruwan dare a Tsiga ba, kuma babu amfanin a yi kamar ta zama. Amma alamun zuwanta sun bayyana.

A watan Nuwamban 2020 aka ƙaddamar da Hyundai Kona mai amfani da lantarki da kamfanin Stallion ya harhaɗa a Legas. A watan Afrilun 2021 hukumar NADDC, mai kula da ƙira da bunƙasa harkar motoci, ta buɗe wurin cajin mota mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. A lokacin shugaban hukumar shi ne Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya yi suna a Amurka wajen zana motar Chevrolet Volt. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya shahara da mayar da ƙananan bas-bas na fetur zuwa na lantarki, kuma a watan Disamban 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da motocin haya na gwamnatin Borno, ciki har da masu amfani da lantarki.

Abin da ya fi tura mutane shi ne aljihu. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kuma a ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Daga nan babura da kekunan haya masu caji suka fara ƙaruwa a manyan birane. Abin da ya shiga Kano da Zariya ba ya daɗewa bai iso Funtua ba, abin da ya iso Funtua kuwa yana kan hanyar Bakori da Tsiga da Kakumi da Guga.

Abin da ya bambanta ta

Na farko nauyi. Batirin babbar Kona ta lantarki shi kaɗai ya haura kilo 400. A lissafin manomi, wannan buhun masara huɗu ne da motar ke ɗauke da su dare da rana, kafin fasinja ko ɗaya ya shiga. Tayoyi huɗu ne ke ɗaukar wannan nauyi, ko kuma a ce iskar da ke cikinsu, domin roba ba ta ɗaukar komai in babu iska.

Shi ya sa masu ƙera ta ke neman iska mai yawa. Lambar da gejin mai faci ke nunawa, wadda ake kira PSI, a yawancin ƙananan motocin fetur tana tsakanin 30 zuwa 35. Nissan Leaf da Kona ta lantarki suna neman 36, Tesla Model 3 kuma 42. Lambar kowace mota tana rubuce a wata 'yar takarda da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Lambar da ke jikin tayar kanta iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba.

Idan iska ta ragu, gefen taya yana lanƙwasa yana miƙewa a kowane juyi. Wannan lanƙwasa tana haifar da zafi, zafin kuma yana raba robar da wayoyin ƙarfen da ke cikinta. A motar da ta fi nauyi abin ya fi sauri. A haɗa da kwaltar bazara ta watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai maki 40 a inuwa, sai a ga tayar da ta yi sati tana sacewa a hankali ta fashe a lokaci guda.

Na biyu caji. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa duk raguwar lamba 1 a iskar tayoyi huɗu tana ƙara cin mai da kimanin kashi 0.2 cikin ɗari. Raguwar lamba 10 ke nan kashi 2 cikin ɗari. A motar lantarki tasirin ya fi haka, saboda injin fetur yana zubar da mafi yawan ƙarfin mai a matsayin zafi, ita kuwa tana kai mafi yawan wutar batirinta ga tayoyi. Don haka abin da taya ke ci ya zama babban kaso a lissafinta.

Ko a tsaya a kashi 2 ɗin, motar da ke yin kilomita 300 a caji ɗaya ta rasa kilomita 6. A takarda ba wani abu ba ne. A hanya kuwa kilomita 6 na ƙarshe su ne ke kai mutum ƙofar gidansa. Mai motar fetur da mai ya ƙare masa zai tura ɗan acaɓa ya sayo masa galan wurin 'yan bumburutu. Babu ɗan bumburutun da ke sayar da wuta a jarka. Mutanen yankin ba su manta da watan Oktoban 2024 ba, lokacin da lalacewar manyan layukan wuta ta bar mafi yawan jihohin Arewa cikin duhu sama da mako guda. A inda wuta take haka, kowane caji abin tattali ne.

Ta ina iskar ke fita?

Kowace taya tana rage iska ko da lafiyarta ƙalau, kimanin lamba 1 zuwa 2 a wata. Sanyi ma yana rage lambar, kimanin 1 a duk saukar maki 5 zuwa 6 na yanayi. A lokacin hunturu, tsakanin sanyin asuba da zafin azahar, gejin zai iya nuna bambancin lamba 3 ba tare da huji ko ɗaya ba.

Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce. A auna dukkan tayoyin da safe kafin motar ta motsa, a rubuta lambobin. A sake aunawa bayan kwana biyu ko uku a daidai wannan lokaci. Idan duka huɗun sun sauka tare, yanayi ne. Idan ɗaya ta bar 'yan uwanta da lamba 2 ko 3, wannan tayar tana yoyo, kuma ƙara mata iska ba magani ba ne.

Wuraren yoyon sanannu ne. Akwai ƙusa ko guntun waya ko noti da ya shige fuskar taya ya toshe hujin da kansa, iska na fita ta gefensa kaɗan kaɗan. A hanyoyin gona akwai ƙayar aduwa da ta bagaruwa, da kuma tushen karan dawa da na masara bayan girbi, waɗanda in sun bushe suke zama kamar tsinke. Akwai bawul, wanda robarsa ke tsagewa saboda rana, ko ƙaramin bakinsa na ciki ya saki, ko ƙura ta shige shi saboda murfinsa ya ɓace. Akwai bakin wili da ya lanƙwashe bayan an faɗa rami, ko ya yi tsatsa, ko yashi ya shiga tsakaninsa da tayar. Akwai kuma tsohon faci da ya fara ɗagowa.

Ruwan sabulu yana tona asirin dukkansu. A kaɗa omo a roba, a shafa a fuskar tayar, da bakin wili ciki da waje, da bawul. Inda kumfa ke tasowa tana girma, nan ne. Yoyo mai hankali yana buƙatar haƙuri, domin wani lokaci sai an jira minti biyu ko uku kafin kumfar ta fito. Idan an ga ƙusar, kada a zare ta sai an isa inda za a yi gyara, domin ita ce ke riƙe da sauran iskar.

Kada kuma a dogara ga fitilar gargaɗi kaɗai. Amurka ta wajabta na'urar lura da iskar taya a sababbin motoci tun 2007, bayan haɗurran tayoyin Firestone a motocin Ford Explorer da suka kai ga dokar shekarar 2000. Tarayyar Turai ta wajabta ta ga duk sababbin motoci daga 2014. Amma a ƙa'idar Amurka, ba dole ba ne fitilar ta kunna sai iska ta ragu da kashi 25 cikin ɗari. Tayar da ke neman 42 tana iya saukowa kusa da 32 allon gaban direba bai ce komai ba. Wasu motocin suna nuna lambar kowace taya a allo, kuma direban da ke da irinsu ya kamata ya mayar da duba ta al'ada, kamar yadda yake duba caji.

Gyaran gaggawa da gyaran gaske

Abin da aka saba yi wa taya marar tif a bakin hanya shi ne a zare ƙusar, a cusa wata igiyar roba mai danƙo daga waje, a yanke saura, a buga iska. Minti biyar an gama. Wannan yana da amfani don ya fitar da mutum daga daji zuwa gari. Ƙungiyar masu ƙera tayoyi ta Amurka ba ta ɗauke shi cikakken gyara ba, kuma dalilinta a fili yake: wanda bai cire tayar daga wili ba bai ga cikinta ba.

Cikakken gyara shi ne a cire tayar, a duba cikinta, a cike hujin, sannan a manna faci daga ciki. Ana yin haka ne idan hujin yana kan fuskar da ke taka ƙasa kuma faɗinsa bai wuce milimita 6 ba. Huji a gefen taya ko a kafaɗarta ba ya gyaruwa, domin nan ne ke lanƙwasa a kowane juyi. Haka tayar da ta yi ƙullutu a gefe, da wadda aka buɗe aka tarar da garin baƙar roba a cikinta, alamar an yi tafiya da ita babu iska har ta ci kanta. Irin waɗannan sai dai a canza.

Yawancin motocin lantarki suna zuwa da ɗan famfo mai aiki da wutar mota da kwalbar wani ruwa mai danƙo a maimakon safaya. Tesla ba ta sa safaya a motocinta. Masu ƙerawa suna cire ta ne don rage nauyi da samar wa batir wuri. Ruwan danƙon na gaggawa ne, yana toshe ƙaramin huji a fuskar taya, kuma bayan an zuba shi ba a wuce gudun kilomita 80 a awa. Yana da ranar lalacewa a jikin kwalbar, yana iya ɓata na'urar auna iska, kuma ba ya yin komai ga tayar da ta tsage a gefe. Ga yoyo mai hankali, famfon ya fi ruwan amfani: a cika tayar zuwa lambarta, a tafi kai tsaye wurin gyara.

Wajen canza taya kuma akwai tarko. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙerawa a Legas a 2008, kasuwa ta koma hannun tayoyin waje, ciki har da na gwanjo, duk da cewa tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su. Girman taya kaɗai bai isa ba. Bayan lambobin girma akwai lambar nauyin da za ta iya ɗauka, kuma motocin lantarki da yawa suna buƙatar masu alamar XL, wato masu ɗaukar ƙarin nauyi. Lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT suna nuna mako da shekarar ƙira: 2322 na nufin mako na 23 a 2022. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana gargaɗi kan tayar da ta wuce shekara huɗu. Araha ba ta ado, balle a ƙarƙashin mota mai nauyin buhu huɗu na ƙari.

Inda mai faci zai yi ɓarna ba da niyya ba

Mai faci na Tsiga ko Bakori gwani ne a abin da ya koya. Da guduma da ƙarfe biyu da tsohon kwamfuresa yake raya tayoyin tarakta da amalanke da motocin da ke kwasar masara da auduga zuwa Funtua da Ɗandume. Matsalar ita ce hannun da ya saba da Golf da Sharon zai yi wa motar lantarki abin da ya saba.

Jak shi ne haɗari na farko. Batirin yana shimfiɗe a ƙarƙashin motar, kusan daga tayoyin gaba zuwa na baya. Yaron shago da ya leƙa ya ga faffaɗan ƙarfe mai santsi zai ɗauka nan ne wuri mafi ƙarfi. Idan ya ɗora jak a nan, akwatin batirin zai iya lotsawa ko ya tsage. Lotsewar tana iya lalata hanyar ruwan sanyaya batir, ko ta taɓa ƙwayoyin da ke ciki, kuma batirin da aka ji wa rauni yana iya kamawa da wuta bayan sa'o'i ko kwanaki. Kowace mota tana da wurare huɗu da aka ware don jak, an nuna su a littafinta, wasu ma suna buƙatar ɗan matashin roba na musamman. Direban da bai san wuraren nan ba bai kamata ya bari a ɗaga motarsa ba.

Na biyu na'urar auna iska. A motoci da yawa tana manne da gindin bawul a cikin wili. Ƙarfen da ake ɓamɓare taya da shi, in ya shiga ta wajen bawul, zai karya ta, kuma ba abin da ake samu a kowane shago ba ne.

Na uku soso. Saboda motar lantarki ba ta da ƙarar inji, ƙarar taya ta fi fitowa, don haka kamfanoni irin su Continental da Michelin da Pirelli suke manna soso a cikin wasu tayoyin. Mai facin da bai taɓa gani ba zai iya ɗauka datti ne ya yage shi duka, ko ya manna faci a kansa. Abin da ake yi shi ne a yanke sosan daidai wurin hujin, a goge wurin, a manna facin a kan robar.

Na huɗu wuta. Facin da ake gasawa, da dabarar zuba ɗan fetur a cikin taya a kyasta ashana don bakinta ya kama wili, duk ba a yin su kusa da motar da ke ɗauke da babban batir. Dabara ta biyun ma ba ta dace da kowace irin mota ba.

Na biyar ya shafi babura da kekuna masu caji, waɗanda su ne za su riga motar isowa. A wasunsu injin yana cikin cibiyar tayar baya, wayar wuta kuma ta bi ta cikin ƙarfen da ke riƙe da tayar. Wanda ya kwance noti ya fizgo tayar kamar ta Bajaj zai tsinke wayar. Facin 'yan ɗaruruwan naira ya koma gyaran dubbai.

Idan kuma tayar ta mutu gaba ɗaya, ba a ɗaure motar lantarki da igiya a ja ta zuwa gari yadda aka saba. Masu ƙera su suna gargaɗin cewa jan ta tayoyin da ke haɗe da injin suna ƙasa yana iya lalata injin da kayan wutar. Sai dai a ɗora ta a kan babbar mota, kuma irin wannan motar ba a ƙauye take kwana ba.

Bakin hanya ba wurin tsayawa ba ne

A wasu ƙasashe tayar da ta sace ɓata lokaci ce kawai. A kudancin Katsina tana iya zama maganar rai. Mutanen Tsiga sun ga yadda 'yan bindiga suka shiga garin a watan Fabrairun 2025 suka tafi da Birgediya Janar Maharazu Tsiga mai ritaya, tsohon shugaban hukumar NYSC, wanda bai kuɓuta ba sai a watan Afrilu. Duk direban yankin yana lissafin tafiyarsa da rana, yana so magariba ta same shi a cikin gari. Tayar da aka ƙara wa iska a Malumfashi da la'asar, da fatan za ta kai, caca ce da rayukan duk waɗanda ke cikin motar.

Fashewar taya kuma ba ta san babba ba. Ranar 6 ga Maris 2016 ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi da matarsa da ɗansa suka rasu a hanyar Kaduna zuwa Abuja bayan tayar motarsu ta fashe tana cikin gudu. Abin ya faru ne a kan babbar hanya. Ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido.

Masu cewa lokaci bai yi ba

Wani zai ce mutanen da ke fama da tsadar taki da rashin tsaro da rashin wuta ba su da lokacin zancen tayar Tesla. Akwai gaskiya a ciki. Manomin da ke lissafin buhun yuriya ba motar lantarki ce a gabansa ba.

Amma kusan duk abin da aka lissafa a sama ya shafi motar da ke tashar Bakori yau. Auna iska da safe, neman hujin maimakon ƙara iska, faci daga ciki, ƙin gyara gefen taya, karanta ranar ƙira, duk suna ceton fasinjan motar fetur kamar yadda za su ceci na lantarki. Abin da aka koya yanzu ba zai yi kwantai ba.

Sannan an taɓa ganin irin wannan sauyi. Lokacin da motoci masu kwamfuta suka maye gurbin masu kafireto, bakanikai da yawa sun koya ne a kan motocin mutane, masu motoci suka biya kuɗin karatun da injinan da suka lalace. Batirin motar lantarki ya fi ƙarfin a koya a kansa ta hanyar gwaji.

Wani kuma zai ce a bar gyaran ga manyan gareji na Kano da Kaduna da Abuja. Wanda ƙusa ta soke shi a hanyar gona tsakanin Tsiga da Bakori ba zai kai Kano ba. Mai facin da ke kusa shi zai taɓa motar, ko an koya masa ko ba a koya masa ba.

Aikin kowa

Direba ya mallaki gejinsa na kansa, domin gejin bakin hanya da ya sha faɗuwa a ƙasa ba kullum yake faɗin gaskiya ba. Ya ajiye famfo mai aiki da wutar mota, ya san lambar iskar motarsa da wuraren jak, ya tsaya a kan motar lokacin da ake ɗaga ta. Wanda ke yawan bin hanyoyin karkara ya nemi safaya da ta dace da motarsa, da jak mai ɗaukar nauyinta, ko da za su ci masa wuri a but. Tayar da aka ƙara wa iska sau biyu a mako guda ta tafi wurin gyara a ranar, ba sai ranar kasuwa ba.

Dillalan da ke shigo da motoci da kekuna da babura masu caji su daina miƙa makulli kawai. Takarda guda da Hausa, da hoton wuraren jak da lambar iska da yadda ake cire tayar baya, ba za ta ci musu komai ba. Su kuma ajiye bawul da na'urorin auna iska da tayoyin da suka dace a Funtua da Malumfashi, inda mai buƙata zai same su a wuni guda.

Hukumar NADDC da FRSC, da hukumar KASSAROTA ta jihar Katsina, tare da ƙungiyar direbobi ta NURTW da ta bakanikai ta NATA, suna da hanyar isa ga kowace tasha. Horon yini biyu ga masu faci a kowace ƙaramar hukuma, da Hausa, a kan mota ta gaske, da geji mai kyau a hannun kowa a ƙarshe, ya fi wurin caji guda araha nesa ba kusa ba. Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa tana da cibiyoyin koyar da matasa sana'a, kuma wannan darasi zai shiga cikinsu ba tare da sabon gini ba. Duk lokacin da wata gwamnati za ta sayi motocin haya na lantarki, a sa horar da masu facin hanyoyin da za su bi a cikin kwangilar tun farko.

Shi kuma mai faci yana da riba a ciki. Motar lantarki ba ta buƙatar juyen baƙin mai, ba ta da fulogi, ba ta da salansa, don haka sana'o'i da dama za su ragu idan ta yawaita. Taya kuwa tana nan, kuma nauyin motar da saurin tashinta suna sa ta cinyewa da wuri. Wanda ya fara sanin inda ake ɗora jak a Tsiga, shi direbobi za su riƙa nema da suna daga Bakori har Funtua.